Ƙoƙon Ɗanɗano

Maigidana direba ne, amma ba tuƙi ya sa aka san shi a Abuja ba. Harshensa ne. In mutum yana neman inda zai zauna da yamma ya sha giya mai kyau ba tare da an cuce shi ba, wurinsa ake zuwa tambaya. Tun ana kiransa alƙalin giya da wasa har abin ya bi shi. Yaran unguwa ma da alƙali suke gaishe shi, wasu suna tsammani a kotu yake aiki.

Mun zo garin nan bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da duk inda ka waiwaya ko rami ake haƙawa ko bulo ake ɗorawa. Mu mutanen ƙauye ne daga ƙasar Katsina, Kirista, kuma a gidajenmu burkutu ba baƙuwa ba ce. Mahaifiyata ma ta dafa ta shekaru da yawa kafin ta bari. Ni dai ban taɓa kai ta baki ba, don tun ina yarinya warin tsiron dawa ke juya mini ciki. Maigidana ya sami aiki a wata ma'aikatar gwamnati, yana tuƙa wani babban ma'aikaci, Bakano, mutumin kirki mai salla a kan lokaci. Haya a cikin gari ta fi ƙarfinmu, sai muka kama ciki da falo a Kuje. Ina gida da yara, ina sayar da zoɓo da kunun aya, da yamma in je ajin yaƙi da jahilci a cocinmu. A can na koyi rubutun nan da nake yi.

A shekarun ne lambunan shaƙatawa suka cika Abuja. Duk filin da ke da 'yan bishiyoyi, kafin ka ankara an kewaye shi, an jera kujerun roba, an kawo firiza da mai gasa kifi. Maigidana ya san su kamar yadda na san tukwanen ɗakina. Giya mai koren kwalba, in ji shi, a bakin tafkin Jabi ake shan ta, wurin wata mata da ba ta dogara da wutar lantarki ba. Ƙanƙara take saye buhu-buhu ta binne kwalaben tun da rana. Yakan ce giyar da ta yi sanyi, ta huce, ta sake yin sanyi, ta riga ta mutu, gawarta kawai ake sha. Baƙar giyar nan mai ɗaci kuwa ba ta son sanyi da yawa, kuma ba ta shiri da kifi. Farfesun kan akuya take so, a wata rumfa da ke bayan garejin kanikawa na Apo, inda mutum zai zauna a kan tsohuwar kujerar mota. Yana hana mutane zama inda kiɗa ya fi hira ƙarfi. Yana cewa kada a yarda a kawo kwalba a buɗe, kuma a shinshina kofi kafin a zuba, don kofin da ke warin sabulu ba ya riƙe kumfa.

Ogansa ba ya sha, ba ya ma son a yi maganar a gabansa. Amma in 'yan kwangila suka zo daga Ikko ko daga ƙasar waje, sai ya kira shi gefe ya ce ya kai su inda ya dace, kada kuma ya gaya masa ko ina ne. Maigidana yakan kwaikwayi muryar ogan yana ba mu labari, yara su yi ta dariya. Ni ina tsintar shinkafa ina saurare. Wuraren nan ban taɓa taka ko ɗaya ba, amma yadda yake kwatanta su, har iskar tafkin nake ji.

Zan faɗi wannan don 'ya'yansa za su karanta. Ban taɓa ganinsa yana tangaɗi ba. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa riƙe sitiyari da giya a kansa ba, kuma tukunyata ba ta taɓa kwana ba a ɗora ba saboda shansa. Da yana da ko ɗaya daga cikin halayen nan, da na sami abin da zan kai wa manya. Ba ni da abin riƙewa. Mutum ne mai son abu, ya kuma iya son nasa.

Duk kwalaben nan rabinsu aiki ne a wurinsa. Abin da yake so har zuciya shi ne Asabar a Kuje. A bayan kasuwa, ƙarƙashin itatuwan mangwaro, mata masu burkutu ke jera manyan tukwanensu. To, akwai al'ada, kuma a kanta duk labarin nan yake. Kafin ka saya, mai tukunya za ta ɗebo a ƙaramin ƙoƙo, ta fara kurɓa a gabanka don ka san ba ta sa komai ba, sannan ta miƙa maka. Shi ake kira ɗanɗano, kuma kyauta ne. Ba a ƙin karɓa. Wanda ya ƙi, kamar ya ce wa matar ƙazama ce, ko tana da mugun nufi. Sauran mutane sukan ɗanɗana tukunya ɗaya ko biyu su zauna. Shi kuwa sai ya bi layin daga farko har ƙarshe, jama'a na biye da shi da ido. Inda ya ja benci ya zauna, nan kowa ke taruwa, kuma tukunyar nan ba ta kai la'asar.

Babbar 'yarmu ce ta fara lura. Wata safiya tana ba shi ruwan wanke fuska ta ce idon Baba ya yi ruwan ɗorawa. Muka ce shawara ce, na yi ta saya masa rake, na dafa masa saiwoyin da maƙwabta suka kwatanta. Daga baya takalmin aikinsa ya daina shigarsa. Da ƙyar na lallashe shi muka je asibiti a cikin gari. Likitar yarinya ce, ba ta fi sa'ar ƙanwata ba. Ta danna masa ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya cije leɓe. Bayan an yi gwaje-gwaje ta zaunar da mu ta ce hantarsa ta ji rauni ƙwarai, amma abin da ya rage zai iya riƙe shi shekaru, in dai ya bar giya gaba ɗaya.

"Ko ɗigo, Baba," ta ce. Sannan ta juyo ta dube ni ta sake faɗa, kamar mabuɗin kwalbar a hannuna yake.

A cikin motar komawa ya yi mini alkawari, kuma ya riƙe shi yadda ya fahimce shi. Ya daina saye. In ya kai baƙin oga Jabi, sai ya zaɓa musu, shi ya zauna da lemo. Na je taron zumuntar mata na tashi na yi godiya ga Ubangiji a gaban kowa.

Amma ran Asabar sai ya shigo gida da warin nan da na sani tun ina yarinya. Na jira yara suka fita, na ce, "Baban yara, ba mun yi magana ba?"

"Ban sha ba," ya ce. "Ɗanɗanawa na yi."

Ba wayo yake yi mini ba. Har cikin ransa haka ya ɗauka. A wurinmu ba wanda ke lissafa ɗanɗano a cikin sha. Ka tambayi dattijo ko ya sha, ya ce a'a, alhali ya ɗanɗana tukunya uku, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Sai dai layin matan Kuje dogo ne. Kuma da labari ya bazu cewa alƙali ba shi da lafiya, ya daina saye, sai tausayinsa ya kama su. Kowacce ta riƙa cika masa ƙoƙon har baki, don a ganinsu bawan Allah ba shi da wani rabo sai wannan. Alherinsu ne ke cin hantarsa, kuma ban san yadda ake hana mutum yin alheri ba.

Na daɗe ina juya abin, sannan wata Juma'a da hantsi na ɗaura gyale na tafi gidan babbarsu. Tsohuwa ce 'yar Gbagyi, wadda ta fi kowa daɗewa a ƙarƙashin mangwaron, kuma mafi yawan lokuta a bencinta yake zama. Na same ta a bakin murhu tana juya tukunya da wata doguwar muciya, hayaƙi ya sa idonta ja. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa. Hausarta irin ta nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Na gaya mata abin da likita ta ce, na roƙe ta ta yi wa sauran magana su daina miƙa masa. Ta ajiye muciyar ta zauna kusa da ni.

"Maman yara, ni ba ya so mijinka ya mutu," ta ce. "Amma in ya wuce tukunya na ban ba shi ba, mutane zai ce na ɓoye wani abu. In na ba shi bai karɓa ba, zai ce ya ga wani abu. Ni ma jikoki nake ciyarwa. Ka hana shi zuwa."

Na ce mata ba zan iya ba. Duk mutanensa a can suke. Ta girgiza kai ta ce ta sani. Ta tashi ta ƙara itace, ni kuma na yi mata sallama.

A hanyar gida ne na tuna da wani abu na ƙauyenmu. In dattijo yana shan maganin da aka hana shi haɗawa da giya, ko yana cikin makoki, ba ya ƙin ƙoƙo. Yakan karɓa da hannu biyu, ya kai bakinsa ya taɓa leɓe, sannan ya miƙa wa na damansa. Mai tukunya ba ta ji kunya ba, shi kuma bai sha ba. Na gaya wa maigidana. Ya yi dariya ya ce ashe 'yar mai burkutu ba ta manta gida ba. Ya ce zai gwada, ai hanci da ido ma sun isa. Yana iya gane burkutu mai kyau daga launi, daga yadda take motsi a cikin tukunya, daga ƙamshi.

Ya gwada, kuma abin ya yi. Mutane suka ɗauka ya koma ɗan kurɓi kaɗan saboda jiki. Ni da tsohuwar kaɗai muka san ko ɗigo ba ya wucewa. Idonsa ya washe, takalmi ya koma shiga. Wata Lahadi bayan coci ya kwashe mu duka ya kai mu bakin tafkin Jabi, ya saya wa yara gasasshen kifi, ya nuna mini matar nan mai ƙanƙara daga nesa. Daminar nan ita ce mafi daɗi da na yi a Abuja. Har na fara yi wa ƙaramarmu maganar makarantar da Babanta zai kai ta in ta girma.

Yana da aboki na ƙut da ƙut, bakanike ne a Apo, Bayarabe, shi ke gyara motar oga. Da rani ya tashi aurar da 'yarsa, kuma dangin ango mutanen Filato ne, waɗanda suka san burkutu tun daga goyo. Bakaniken ya ce kwalabe kowa na iya saye, shi so yake ya girmama dattawan surukansa da abin gargajiyarsu. Shi bai san kan burkutu ba ko kaɗan, don haka ya zo Kuje wata Asabar ya ce duk tukunyar da alƙali ya zaɓa, mai ita ce za ta dafa ta biki.

Maigidana ya bi layi yadda ya saba, yana taɓa leɓe yana miƙawa. A ƙarshen layin akwai wata sabuwar yarinya da ba ta daɗe da fara fitowa ba. Tata ja ce kamar jan ƙasa, tana ta tsalle a cikin tukunya, ƙamshinta na tarar mutum tun daga nesa. Ya duba, ya shinshina, ya ce wannan ce. An ce tsohuwar na kallo daga bencinta.

Abin da ido da hanci ba su gani ba, daga baya shi da kansa ya yi mini bayani. Burkutu abu ne mai rai, tana ci gaba da nuna ko bayan an sauke ta. Yarinyar tana tsimin itace, ba ta barin dahuwa ta biyu ta yi nisa. Irin wannan da safe a bakin tukunya ba ta da laifi, amma ba ta jure tafiya da rana. Akwai ɗan tsami da ke maƙalewa can bayan harshe wanda ke tona ta, kuma sai an haɗiya ake jin sa. Yadda ta saba, haka ta dafa ta biki. Aka ɗura a jarkoki, aka ɗora a bayan a-kori-kura, aka kuma tarar da cunkoso a hanya, rana na dukan jarkokin.

An yi bikin da rana tsaka, a ƙarƙashin rumfuna, a filin da aka ture matattun motoci gefe. Ina cikin matan da ke zuba shinkafa. Bakaniken ya tashi cikin babbar riga ya gaya wa surukansa cewa alƙalin giya na Abuja da kansa ya zaɓa musu, ya nuna maigidana, aka tafa. Aka rarraba ƙoƙuna. Babban dattijonsu ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye don kunya, sannan ya sunkuya a hankali ya tura ƙoƙon ƙarƙashin kujerarsa. Na kusa da shi ya yi haka. Kafin wani lokaci ƙarƙashin kujerun nan duk ƙoƙuna ne cike, ƙudaje na bi.

Samarin gareji ne suka fara ba'a. Ɗaya ya ce alƙali ya ci hanci. Wani ya ce a'a, fuskar mai tukunyar ya ɗanɗana, ba tukunyar ba. Wani kuma ya ce harshen ne ya yi ritaya ya bar mai shi a bakin aiki. Maigidana yana dariya tare da su, irin dariyar da haƙora kawai ke yi. Sai abokinsa ya zo ya durƙusa kusa da shi, ba da faɗa ba, murya ƙasa-ƙasa. Ina tsaye a bayansu da faranti a hannu.

"Oga alƙali, ka sa a baki kuwa?"

Maigidana ya ɗago ya dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai. Sannan ya miƙa hannu ƙarƙashin kujerar da ke gabansa, ya ɗauko ƙoƙo ɗaya, ya kore ƙudan, ya sha sosai. Ya goge baki.

"Da na sa, da ban zaɓa ba," ya ce.

Asabar ta zagayo, ya yi wanka ya fita. Na ba shi tazara na bi bayansa, na tsaya wurin masu tumatir inda nake hango mangwaron. Ya karɓi ƙoƙon farko da hannu biyu. Ban kalli fuskarsa ba, maƙogwaronsa na kalla. Ya motsa. A tukunya ta biyu ma ya motsa. Tsohuwar ta hango ni ta cikin mutane, ta sunkuyar da kai tana gyara ƙoƙunanta. Mai tumatir ta tambaye ni na nawa za a zuba, na ce ta zuba kawai.

Da ya dawo na kai masa abinci, na zauna a bakin tabarma. Ban tambaye shi ba, shi ya fara.

"Maman yara, daga Litinin zuwa Juma'a ƙofa nake buɗewa ina rufewa. Ko hanyar da za a bi, oga ne ke faɗa. A ƙarƙashin mangwaron nan kaɗai ake yin shiru a jira abin da zan ce. Na kunyata mutumin da ya yarda da ni a gaban surukansa. Ba zan ƙara faɗin abin da ban sani ba."

Na ce, "To mu fa?"

Ya jawo takalmin ƙaramarmu da ya tsinke, ya nemi allura ya hau ɗinki.

Ba abin da ban gwada ba bayan wannan. Fasto ya zo ya yi masa magana, ya saurara da ladabi, ya raka shi har bakin titi. Babbar 'yarmu ta daina gaishe shi na wani lokaci, sai ya riƙa gaishe ta shi. Na je wurin ogansa, abin da ban taɓa yi ba. Mutumin ya ji tausayina, ya ƙirƙiro masa aikin Asabar. Sai matan suka koma ajiye masa nasa ɗanɗanon zuwa Lahadi da yamma, don su ma suna so su ji abin da zai ce. Har zoɓona na riƙa kawo masa in ce ya yanke hukunci, ko zai rage masa kewa. Yakan kurɓa da gaske, ya ce kanumfari ya yi yawa, ko citta ta danne tsamin. Na gyara, masu saye suka ƙaru. Amma zoɓo ba ya sa a yi shiru a jira mutum.

Ban iya faɗa ba, ba a halicce ni da shi ba. Wasu matan zumunta sun ce in kulle ƙofa in ɓoye makulli, wasu sun ce in tafi gida da yara har ya dawo hankalinsa. Nakan kalle shi yana shirin fita, yana taje gemu yana 'yar waƙa, in rasa ta inda zan fara. Sai in ce ya dawo da wuri.

Ruwan ɗorawan ya dawo idonsa, wannan karon bai tafi ba. Ciki ya kumbura har riga ta daina rufuwa, hannuwa kuwa suka zama kamar kara. Ya ajiye tuƙi da kansa, ya ce ba zai ɗauki ran mutane a hannun da ke rawa ba. Aka kwantar da shi a asibiti ana zuƙe masa ruwan ciki. Abokinsa bakanike ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado yana hawaye, yana cewa da bai yi tambayar nan ba. Maigidana ya ce ya bar wannan, ya gaya masa labarin sabon lambun da aka ce an buɗe a hanyar Apo. Kifinsu na tafki ne ko na firiza? Kofunansu fa? Kafin a jima mai jinyar gadon kusa ya jawo kujera, wani ma'aikacin asibitin ma ya tsaya yana tambayar inda zai kai surukinsa. Na ga fuskarsa ta haskaka, muryarsa ta dawo, yana ɗaga yatsa yana kwatance. Ina gefe riƙe da kwanon da yake amai a ciki. Ban hana su ba.

Da aka sallame mu, likitar nan ba ta ƙara cewa ko ɗigo ba. Ta ja ni waje ta ce in ba shi duk abin da ransa ke so. Na gane.

Ya koma kwanciya a baranda, inda yake ganin masu wucewa. Abinci ya daina yi masa daɗi, ya ce komai kamar ƙarfe yake a bakinsa. Wata Asabar da safe sai ga tsohuwar, ta biyo za ta kasuwa, da jarka a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya. Ta sauke ta a waje don kunyata, ta shigo hannu sake, ta durƙusa ta gaishe shi. Suka ɗan taɓa hira. Sai ya ɗaga hanci ya ce, ai ya ji abin da ta bari a bakin ƙofa. Ta ce ba komai ba ne. Ya ce ta yi wa alƙali ƙarya? Ta juyo ta dube ni.

Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko ƙoƙon da nake dama wa yara koko.

Ta zuba kaɗan, ta kurɓa a gabansa, ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana shinshinawa, ido a rufe. Ya kai baki ya taɓa leɓe. Sannan ya miƙa wa na damansa, kuma ni ce a daman.

"Nawa bakin ya tafi," ya ce. "Ki gaya mini."

Na riƙe ƙoƙon. Warin nan ne dai na tsakar gidan mahaifiyata. Na kurɓa, na haɗiye. Na ce da farko akwai ɗan tsami a gaba, ba mai yawa ba. Sai wani abu kamar ƙanzon tuwo. A ƙarshe ɗaci, amma ba ya zama, yana wucewa.

"Can baya fa? Ya maƙale?"

Na ce bai maƙale ba.

Ya gyaɗa kai. "Ita ce. Ita ya kamata in zaɓa."

Tsohuwar ta ja bakin zanenta ta rufe fuska. Ta daɗe a haka, sannan ta tashi ta ɗauki jarkarta ta tafi kasuwa.

Bai ga sabuwar dawa ba a shekarar. Ogansa ya zo jana'iza ya tsaya a wajen coci har aka gama. Matan mangwaro sun zo su duka, suka zauna a baya, sabuwar yarinyar ma tana cikinsu.

Yawancin wuraren da yake kwatance yanzu babu su. Motar rusau ta bi ta kan wasu, wasu an gina benaye a kai. Matar nan mai ƙanƙara ban san inda ta koma ba. Ni kuma na koma kai zoɓona tashar motar Jabi, don a can ya fi tafiya. Wata rana wani direba, cikin waɗanda suka yi aiki tare da maigidana, ya gane ni. Ya yi mini gaisuwa, ya tambayi yara, ya sha zoɓo. Har ya juya zai tafi sai ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce in yi haƙuri, yana da baƙi ne, ko na tuna inda Baba ke cewa a sha baƙar nan mai ɗaci?

Na dube shi. Yaro ne mai jini a jika, idonsa fari tas, da zoben aure a hannu. Na buɗe baki in gaya masa yadda cikin mutum ke kumbura har ya kasa ganin ƙafarsa. Abin da na ji ina faɗa shi ne ya je bayan garejin Apo, in rumfar tana nan, ya ce a ba shi farfesun kan akuya, kada ya yarda da mai sanyi ƙarara, kuma ya shinshina kofin kafin a zuba.

Ya yi godiya sosai, ya ce Allah ya ji ƙan Baba. Na tsaya ina kallonsa yana ratsa motoci har ya ɓace, sai wata mata ta taɓa ni ta ce in ba ta mai sanyi guda biyu.